Ƙarar jita tana cinye maganar waƙa, ya za su yi?

Ɗan Maamobi: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da abokansa suna da 'yar ƙungiyar kiɗan rok a nan Nima cikin Accra, jita biyu da bes da mai ganguna, ba kamfani ba manaja, da kuɗin aljihunsu suke biyan situdiyo. Yaron wlh ya iya rubutu, waƙoƙinsa kan ambaliyar gota ne lokacin damina da 'yan matan kayayo masu dakon kaya a ka da samarinmu da ke bin hamada zuwa Libiya, duk da Hausar zango, amma da sun hau wasa jitar nan ta fara gurnani shikenan ba ka jin ko kalma ɗaya. Mutane na ce musu su ajiye jita su koma asakaa, rap ɗin nan irin na yaran Kumasi, tunda shi ke tafiya. Ni na ce a'a, sai dai ban san me zan ce su gyara ba.

Injiniya Asawase: Wa alaikumus salam babban yaya. Kar su ajiye komai, matsalar jeri ce. Jitar da aka murɗe ta yi kaushi da muryar mutum wuri ɗaya suke zama a sauti, a tsakiya, shi ya sa ɗaya ke danne ɗaya, ko ka ƙara makirfo kuka kawai sifika zai yi maka. In mawaƙi yana cikin baiti, jita ɗaya ta yi shiru, ɗayar ta rage kaushi ta bar bes da ganguna su riƙe shi, sai an zo amshi a sake ta gaba ɗaya ta fashe, a nan ma ƙarar ta fi daɗi don kunne ya huta kafin ta zo. Kuma ka gaya wa ƙanenka ya bar kwaikwayon ihun Turawa, Hausa da hawa da saukar murya da jan wasali take tafiya, in ka yi ta da kururuwa ma'anar ta watse ko da babu jita a wurin.

Baban Zainab: Ni dai tambayata ina suke gwajin nan? In a cikin gidan haya ne a Nima to maƙwabta sun ga ta kansu. Su kiyaye lokutan sallah, su kuma tuna da watan da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo, kar a zo a kwashe musu kaya ɗana.

'Yar Aboabo: Masu cewa rok kiɗan Bature ne dariya suke ba ni. Ƙungiyar Osibisa mai kiɗan Afro-rok fa a 1969 aka kafa ta a Landan, kuma jagoranta marigayi Teddy Osei ɗan Kumasin nan ne. A Accra ga Dark Suburb masu rufe fuska da ƙwarangwal, su ma kan unguwannin talakawa suka gina abinsu. Amma in ni ce su Nijar zan sa wa ido, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau yana zaga Amurka da Turai yana waƙa da Tamashek, yaren Abzinawa, kan halin da ƙasarsa ke ciki, jitarsa kuwa tsawa ce. Tal National na Yamai har da Hausa suke yi. Abin da nake tsoro kuɗi ne yaya, rediyo ba za ta sa su ba sai da wuya, gara su nemi wasa a gaban mutane, Alliance Française ko bikin titi na Chale Wote in Agusta ya zo, su riƙa rubuta baitocin a ƙasan bidiyo a YouTube da TikTok.

Ɗan Maamobi: Na gode ƙwarai. Baba a wani shago suke yi bayan la'asar, ba a gida ba. Injiniya maganar jita ɗaya ta yi shiru ɗin nan ita ce rigimar, don su biyun kowa gani yake shi ne oga. Zan tura musu dai su karanta da kansu.