Kisa ko sumarwa: wace hanya zan bi a Dishonored?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wasan bidiyo na Dishonored na farko, wanda ya fito a 2012, domin sai yanzu na samu damar buga shi. Na kuɓuta daga kurkukun Coldridge, kuma ga ni a bakin aikin da aka tura Corvo, jarumin wasan, ya kawar da Campbell, shugaban addini na birnin Dunwall. Baka ɗaya ce a hannuna, amma tana ɗaukar kibiya mai kisa, tana kuma ɗaukar mai sa barci, haka nan idan na lallaɓa ta bayan mai gadi ina iya soka masa takobi ko in shaƙe shi har ya suma. Halin da nake ciki shi ne ba na samun fiye da awa ɗaya da dare, sau ɗaya kawai zan buga wasan, kuma ba lambar yabo nake nema ba. Abin da nake so shi ne labarin Emily, 'yar sarauniyar da Corvo yake neman cetowa, ya ƙare da kyau, amma ba zan ɓoye muku ba, faɗan takobin yana yi mini daɗi, har na riga na kashe masu gadi uku a kurkuku. Shin na riga na ɓata lamarin, ko kuwa ana iya haɗa hanyoyin biyu?

Mai Kwanton Ɓauna:
Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka buga shi sau biyu, na farko ba tare da ka kashe kowa ba, na biyu kuma ka saki hannunka ka yi amfani da duk ƙarfin da aka ba ka. Wanda bai ga ɓangarorin biyu ba rabin wasan ya gani, domin birnin Dunwall kansa yana sauyawa gwargwadon jinin da ka zubar.

Tsohon Hannu:
Ƙanena, ban san ko za ka ji daɗin abin da zan faɗa ba, amma ni na bi hanyar rashin kisa har ƙarshe, kuma ban fito da daɗin rai ba. Na ɗaura niyyar samun lambar Clean Hands, wadda ba a ba da ita sai ga wanda ya gama wasan bai kashe mutum ko ɗaya ba, kuma na wuce ayyuka uku lafiya. Da na zo gadar Kaldwin, inda ake ɗauko Sokolov, likitan fada, da ransa, na kwashe dare biyu ina sanɗa, ina shaƙe masu gadi ɗaya bayan ɗaya, ina saɓa kowannensu a kafaɗa ina neman inda zan kwantar da shi. Da na gama aikin, allon sakamako ya nuna mini cewa mutum ɗaya ya mutu, alhali ban zare takobi ko sau ɗaya ba. Wasan ba ya gaya maka wane ne, ba ya gaya maka a ina, adadi kawai yake nuna maka. Na sake aikin daga farko, na ƙara kiyayewa, sakamakon ya sake fitowa da mutum ɗaya. Sai a karo na uku na koma baya na duba kowane wuri da na ajiye mutum, na tarar da wani mai gadi da na bari a ƙasa cikin wani lungu mai duhu, ɓeraye sun taru a kansa sun cinye shi, kuma an rubuta mutuwarsa a kaina. Duk wanda ka sumar amana ce a wuyanka: idan ya gangara cikin ruwa ya nutse, kai ka kashe shi, idan ɓeraye suka same shi, kai ka kashe shi, idan ka juya na'urar lantarkin masu gadi ta ƙone su, nan ma kai ne.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Wasan ya cika maka hannu da kayan kisa, ga bindiga, ga gurneti, ga tarko mai yanka, ga ikon kiran garken ɓeraye, ga iska mai wurgi da mutum, amma mai son rashin kisa abu biyu kacal aka bar masa, shaƙa da kibiyar barci, ita ma guda 10 kawai kake iya ɗauka. Na sayi ƙarfin da ban taɓa amfani da shi ba, na wuce faɗan da ban taɓa gwadawa ba, kuma duk lokacin da aka gan ni sai in koma inda na adana wasan in sake. Da na lissafa a ƙarshe, lokacin da na ɓata ina jiran wasa ya sake buɗewa ya kusa kai wanda na yi ina bugawa. Na samu lambar, amma na yi wata da watanni ban sake taɓa wasan ba.

Mai Kwanton Ɓauna:
Yaya, da ka riƙa ɗora su a kan rufi ko baranda, da ɓeraye ba su kai gare su ba. Ni a rufi ɗaya na taɓa jera masu gadi shida suna ta sharar minshari, har na ce a duk birnin nan babu wanda ya samu barci mai daɗi tun da annoba ta shigo sai su.

Tsohon Hannu:
Na san wannan yanzu, amma wasan bai koya mini ba sai bayan da na yi asarar darare huɗu. Kuma kada ka manta da tsadar kibiyar barci, domin kusan duk sulallan da na tara a wurin Piero, mai sayar da makamai, suka ƙare.

Mai Haƙuri:
Malam, a nan ban yarda da kai ba. Ni ma na gama shi ba tare da kisa ba, kuma na ƙare da ragowar sulalla masu yawa, saboda shaƙa ba ta cin komai, kuma yawancin masu gadi ba sai ka taɓa su ba. Idan ka ƙarfafa Blink, ikon ɓacewa ka ɓulla a wani wuri nan kusa, ka riƙa bin sama, ka kunna Dark Vision, ikon gani ta bayan bango, ka ga inda idonsu yake kallo, za ka wuce unguwa guda babu wanda ya san ka zo. Ni cikin awa goma sha biyar na gama, ban kuma ga wahalar da kake faɗa ba.

Tsohon Hannu:
Malama, awa goma sha biyar ba ta isa wanda yake binciken kowane ɗaki ba, ni na haura talatin. A wane mataki na wahala kika buga? Idan a mafi sauƙi ne, to ba wasa ɗaya muka buga ba, domin a can sai kin tsaya a gaban mai gadi kafin ya lura da ke.

Mai Haƙuri:
A matsakaici na buga, kuma ban ga dalilin da zai sa wannan ya rage darajar shawarata ba. Mai tambaya bai ce yana neman mataki mafi wuya ba, ya ce awa ɗaya gare shi da dare. Ni na fi kusa da halinsa a kan wanda ya sake aiki ɗaya sau uku saboda lamba. Ga amsarka, ɗan'uwa: mutum uku a kurkuku ba su ɓata maka komai ba sai lambar Clean Hands, wadda ka ce ba ka nema. Ƙarshen labari yana bin ma'aunin hargitsi ne, wato lissafin da wasan yake yi na yawan kisanka, kuma ma'aunin yana jure kisa kaɗan. Idan kisan ya yi yawa ne ɓeraye suke ƙaruwa, masu fama da annoba suke cika tituna, zanen da Emily take yi ya koma abin tsoro.

Ɗan Takobi:
Kaɗan ɗin nan ne matsalar, domin kowa da abin da yake faɗa. Abin da aka fi yaɗawa shi ne kada ka wuce kashi ashirin cikin ɗari na mutanen da ke cikin aiki, amma ni akwai aikin da na tabbata na kashe da yawa, sakamako ya fito da ƙaramin hargitsi, akwai kuma wanda na ga kamar na kame hannuna, ya fito da babba. Kada kuma a ruɗe ka da Shadow Kill, ikon da yake mayar da gawa toka, domin gawa ta zama toka ba ya nufin ba a ƙirga ta ba. Ni dai na bi hanyar kisa, na ji daɗin kowane faɗa, kuma lokacin da Samuel mai kwalekwale ya juya mini baya a aikin ƙarshe, na ji zafinsa ƙwarai, amma na san ni na jawo.

Sabon Shiga:
Don Allah a rage bayyana abin da ke gaba, ban kai can ba tukuna. Na gode, Malama, amsarki ce ta taɓa tambayata.

Ɗan Takobi:
Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, amma akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka zaɓa, ko da zai bayyana maka kaɗan. Ana kiran hanyar rashin kisa hanyar tausayi, ni kuwa ban ga tausayin ba. Campbell da za ka je wurinsa, idan ba ka kashe shi ba lalas za ka yi masa a fuska, a kore shi, kowa ya guje shi. Tagwayen Pendleton kuma aske musu kai ake yi, a yanke musu harshe, a jefa su cikin ramin haƙar azurfa nasu na kansu. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Lady Boyle, wadda za ka sumar ka miƙa wa mutumin da ya haukace a kan sonta ya tafi da ita cikin kwalekwale. Bayan duk wannan allon sakamako zai ce hannunka tsaf yake. Na kasa amincewa da wannan hukuncin har yau.

Mai Haƙuri:
Wannan maganar gaskiya ce, kuma ni ma na daɗe a tsaye a wurin Lady Boyle kafin in yanke shawara. Sai dai a fahimtata ma'aunin ba tausayi yake aunawa ba, gawarwaki yake ƙirgawa a birnin da ɓeraye ke yaɗa annoba, kuma kowace gawa abincinsu ce. Masu gadin da ka bari da rai su ne suke hana birnin rushewa gaba ɗaya.

Tsohon Hannu:
To ai wannan ne yake ba ni haushi da irin waɗannan wasannin baki ɗaya, su nuna maka hanya sannan su toshe ta. A Deus Ex: Human Revolution na 2011, sumar da abokin gaba ya fi kashe shi kawo maki, don haka na zuba duk abin da na samu a kan sanɗa da kutse cikin kwamfuta, ina ɗauke da bindigar sa barci kawai. Kwatsam aka rufe ni a ɗaki ɗaya da Barrett, babban abokin gaba na farko, wanda ba a lallaɓa masa, ba a yi masa magana, sai faɗa ido da ido. Sai da aka fitar da sabon bugun wasan mai suna Director's Cut a 2013 aka gyara waɗannan faɗace-faɗacen, bayan mu mun riga mun sha wahalarsu.

Mai Kwanton Ɓauna:
Ai shi ya sa Dishonored 2 na 2016 ya fi kyautata wa mai rashin kisa, domin a can kana iya dirowa daga sama ka sumar da mutum, kana iya tare saran takobinsa ka shaƙe shi a tsakiyar faɗa, kuma kana iya duba adadin waɗanda suka mutu tun aikin bai ƙare ba. Da ma da shi ka fara, ɗan'uwa.

Sabon Shiga:
Na farkon ne a hannuna, kuma shi zan ci gaba da shi yau da dare. Na karkata ga shaƙe masu gadi in bar takobi sai an rutsa ni, amma maganar lalas ɗin ta dame ni. Idan na bar masu gadi da rai, na kashe shi Campbell kaɗai, ma'aunin zai ɗauke shi a matsayin mutum ɗaya ne kamar kowa, ko kuwa kashe manyan ya fi nauyi?

Ɗan Takobi:
Ni duka na kashe, don haka ba ni da abin da zan gwada da shi. Yaya Tsohon Hannu, a Deus Ex ɗin da ka ambata, mutanen da ake harbi a farkon wasa kafin a yi wa Jensen, jarumin wasan, tiyata su ma ana ƙirga su a lambar rashin kisa ta Pacifist, kuma a nan ne ni na rasa tawa tun ban san da ita ba.