Wa ya taɓa saka kiloga a kwamfutar shago?

Mai shago: Salamu alaikum. Yara uku ke min aiki a shagon kwamfuta, kullum ciniki ba ya cika. An ba ni shawara in saka manhajar nan mai naɗe duk harafin da aka danna, wadda ake kira kiloga. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Tsohon mai kafe: Alhaji, na saka, na kuma yi da-na-sani. Yaro ɗaya nake hako, amma manhajar ba ta bambance yaro da kwastoma. Ina buɗe fayil ɗin sai ga kalmar sirrin imel ta mutane, ga lambobin NIN na ɗaliban da suka zo cike fom ɗin JAMB, har da saƙon da wata baiwar Allah ta rubuta wa mijinta. Wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. A daren na goge komai. Ɓarawon kuwa ban kama shi ba, don ba da kibod yake sata ba.

Mai gyaran waya: Ni ta kyauta na sauke. Ashe duk abin da take naɗa min tana tura wa mai ita kwafi. Kafin sati ya zagayo an shige Facebook ɗina, ana roƙon kuɗi da sunana. Masu sayarwar ma ba su tsira ba: a 2024 aka kutsa pcTattletale ta Amurka, bayanai suka fita, kamfanin ya rufe.

Ɗalibar lauya: Baba, sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin saƙonnin ɗan ƙasa, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da ta kare bayanai ta 2023. Kwamfutar taka ce, bayanan kwastoma ba naka ba ne. Malaminmu ya kawo mana misalin Jamus: a 2017 kotun ƙwadago ta tarayya ta ƙi karɓar hujjar da wani kamfani ya tara da kiloga kan ma'aikacinsa, korar ta rushe.

Mai shago: To, na ji. Zan dawo da littafin rasit, in sa kyamara a kan durowar kuɗi, in faɗa wa yaran tana nan. Mai gyara, nawa ake haɗa ta yanzu?