Shin Google Maps ba ta da abokan takara ne?

Direban Tirela:
Assalamu alaikum. Ina jigilar kaya tsakanin Kano da Legas, kuma duk direban da na tambaya manhajar da yake bi idan ya shiga garin da bai sani ba, Google Maps yake ambata. Shin babu masu gogayya da ita ne, ko kuwa ta riga ta kayar da su? Tunda kuma ba a karɓar ko sisi a hannunmu, a kan me ake takarar?

Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai su, wasu ma sun girme ta. MapQuest ta fara nuna wa Amurkawa hanya a intanet tun 1996, lokacin da mutum kan buga kwatancen a takarda ya ajiye a gaban mota, ita kuwa Google Maps sai a 2005 ta fito. Wayar hannu ce ta ba ta galaba, domin yawancin wayoyin Android da ita suke zuwa tun daga kamfani, kuma wayoyin masu amfani da ita da ke kan titi suna taimaka mata ta gane inda cunkoso yake. Apple ya maye gurbinta da tasa taswirar a iPhone a 2012, amma kurakurai suka yi yawa har shugaban kamfanin, Tim Cook, ya nemi afuwa a bainar jama'a. Waze ta Isra'ila kuwa, wadda direbobi ke sanar da juna haɗari da cunkoso a cikinta, Google bai tsaya ja da ita ba, saye ta ya yi a 2013.

Hajiyar Lissafi:
Malam ya yi bayani, sai dai ya tsallake tambaya ta biyu. Takarar ba a kan aljihun direba take ba, a kan mallakar bayanan taswirar take, domin masu shaguna suna biyan kuɗin talla, kamfanonin tasi da na kai saƙo kuma suna biya kafin su sanya taswirar a manhajojinsu. Shi ya sa Nokia ya sayi Navteq, wani kamfanin zana taswira, a kan dala biliyan 8.1, daga baya kuma Audi da BMW da Daimler suka haɗa kuɗi suka sayi sashen taswirar, wanda a lokacin ake kira HERE, daga hannunsa a 2015, don kada motocinsu su dogara ga Google. Da Google ya ƙara farashi a 2018, kamfanoni da dama sun koma ga OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa kyauta tun 2004.

Ɗan Ƙofar Mata:
A ganina, Alhaji, a lungunan cikin birni babu wadda ta yi nasara tukuna, domin adireshinmu kwatance ne, a ce maka bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi. Ka riƙa sauke taswirar yankin a wayarka kafin ka tashi, saboda wuraren da babu sabis.