Abin da muka tattara kan taliyar kori mai tsada

Ranar sunan ɗan ƙanwata a wani ƙauye kusa da Ringim, hira ta kai mu kan taliyar kori da ɗan yayarmu ya zo da ita tsaraba daga Malesiya, inda yake karatu. Mu uku muka riga muka dafa, kowa da yadda ta kaya mata.

An fi daɗewa kan ruwa. Mun saba dafa Indomie har ruwan ya tsotse, ita kuwa wannan ta romo ce, ana ci ana kurɓa. A auna ruwan da aka rubuta a bayan leda da kofi. Wadda ta tsotse nata ta ce gishiri ya hana ta ci. Ƙunshin ciki biyu ne ko uku: kori mai maiƙo, garin madarar kwakwa, wani lokaci da yaji daban. A narkar da korin cikin tafasasshen ruwa tukuna. Garin kwakwar a rage wuta kafin a zuba, a janye icce, don wuta mai ƙarfi na sa shi ya tsinke.

Kada a ƙara magi ko gishiri. Inna ta nace kan wannan saboda masu hawan jini, kuma ina bayanta. Dafaffen ƙwai, kabeji ko ganyen zogale sun isa.

Wata malamar Islamiyya ta ce a duba tambarin halal, domin ba duk ta waje ke da shi ba. Wasu kuma akwai jatan lande a cikin korin, mai ƙyan jiki da shi ya kiyaye. Yara a rage musu yajin.