Tambaya: ya tsirrai ke haɗa abinci in sanyi ya yi tsanani?

Ɗalibar_Bayoloji:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai tun da muka shiga darasin fotosintesis, wato yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana. An ce mana sanyi na sa enzayim, wato furotin ɗin da ke aikin haɗa sukari a ganye, kasala, wai in zafi ya sauka da digiri 10 aikinsu kan ragu da kusan rabi. To amma ina ganin hotunan dazukan Kanada da Rasha, ƙanƙara ta rufe ko'ina amma itatuwan fayin (pine) ganyensu kore shar. Aiki suke yi a haka ko kwalliya ce kawai? Kuma me ya sa masara da tumatir ɗan sanyin da ko ruwa bai daskarar ba sai ka ga sun yi laushi?

Malam_Ganye:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai ba sanyin kaɗai ne matsalar ba, sanyi ne in ya haɗu da rana. Shi klorofil, wato koren launin nan na ganye, ba ruwansa da sanyi, haske na faɗowa zai cafke, amma ɓangaren da ke kama iskar kabon ya mai da ita sukari, su Rubisco ke nan, su ne ke komawa tafiyar hawainiya. Ki ɗauka sola ce da tsakar rana tana ta turo wuta, batir ya cika kuma ba a jona komai ba, to wutar nan dole ta nemi inda za ta, a ganye kuwa kan oksijin take faɗawa ta mai da shi guba mai cin furotin, musamman wani da ake kira D1 wanda dama ko lafiya lau kullum cikin lalacewa da gyara yake, ga shi sanyi ya hana gyaran sauri. Shi ya sa safiyar sanyi da sama ta yi garau ta fi wahalar da ganye a kan mai gajimare.

Alkamar hunturu ita ƙara ma'aikata take yi. Tunda kowane enzayim ya rage sauri sai ta yawaita su, har da masu haɗa sukari, kuma ganyen da ya fito a cikin sanyin ya fi na da kauri da iya aikin. Su kuma fayin ɗin da kika gani, gaskiya kin kusa canka, a tsakiyar hunturu kusan shago a rufe yake. Suna tara wani launi mai ruwan ɗorawa, ziyazantin, da ke karɓar hasken ya watsar da shi a matsayin ɗumi, haka za su zauna har yanayi ya sassauta, sai su buɗe su ci gaba ba sai sun jira sabon ganye ba kamar masu kaɗe nasu.

Mai_Shuka:
Malam Allah ya ƙara basira, amma ka tsallake maganar masarar tata. Cikin ganye akwai 'yan fatu sirara da duk na'urar kama hasken ke zaune a kai, da maiƙo aka yi su. Kin san kitse in ya huce sandarewa yake, wani man kuma ko a firji yana nan ruwa-ruwa. To tsiron da ya saba da sanyi yana sauya maiƙon fatunsa zuwa irin na biyun, 'yan ƙasashen zafi kuwa nasu ya fi saurin sandarewa, tun wajen digiri 10 sai komai ya fara cijewa. Masara ma har da ƙarin wata larura, tana da wani enzayim mai taimakawa wajen kama iskar kabon, PPDK, da sanyi ke wargazawa. Abin mamaki akwai wata doguwar ciyawa Miskantus mai irin tsarin masarar sak, ita in sanyi ya zo ƙara yawan PPDK ɗin take yi ta ci gaba da harkarta.

Ɗalibar_Bayoloji:
Kai na gode wallahi, misalin solar nan ya zauna min. To jan da wasu ganyaye ke yi a sanyi fa, ciwo ne? Kuma shirin nan nan take ake yin sa?

Malam_Ganye:
Ba lalle ciwo ba ne, wani jan launi ne da ake kira antosayanin, kamar laima yake yana tare wani kaso na hasken, kuma ya fi fitowa in sukari ya taru a ganye. Shi kansa sukarin kariya ne ga fatun da Mai_Shuka ya faɗa.

Shiri kuwa sai da lokaci, kwanaki ne zuwa makonni na sanyin da bai kai daskarewa ba. A 1997 ne ɗakin binciken Michael Thomashow a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ya bayyana CBF1, ɗaya daga makunnan da ke tayar da ƙwayoyin gadon jure sanyi, a ɗan tsiron nan Arabidopsis. Hatsin nan da ake kira rye, ɗan'uwan alkama, in bai samu wannan horon ba digiri 5 ƙasa da sifili ma kashe shi yake, in ya samu kuwa yakan jure har wajen 30 ƙasa da sifili.

Mai_Shuka:
Ki kuma leƙa Antatika in kin samu sarari, tsirrai masu fure biyu ne tak 'yan asalin can, Deschampsia antarctica da Colobanthus quitensis, kuma ko a dab da sifili suna haɗa abincinsu. Ta farkon ciyawa ce 'yar duƙus, in kika ga hotonta ba za ki ce ta iya komai ba.