Wa ya san Buenos Aires a cikinku?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An tura ni taro Buenos Aires, babban birnin Ajantina, cikin Yuli, kuma zan samu Asabar da Lahadi babu aiki. Ina da ina zan leƙa?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Yuli tsakiyar hunturunsu ne fa, ka tafi da rigar sanyi mai kauri.

Injiniya: Fara da Plaza de Mayo, nan fadar shugaban ƙasa take, Casa Rosada, mai launin ruwan hoda. Sai ka taka zuwa Obelisco, dogon ginin nan na 1936 da ke tsakiyar titin 9 de Julio. Saboda faɗin titin, da wuya ka tsallake shi kafin danja ta tsayar da kai a tsakiya.

Baban Ikram: Tunda har da Lahadi, kowa zai ce maka kasuwar San Telmo a titin Defensa. Ka je, akwai tsofaffin kaya da masu rawar tango a dandalin Dorrego. Amma ji abin da ya same ni. Ina tafe cikin cunkoso sai na ji an watsa min wani abu mai wari a bayan riga. Nan take wata dattijuwa ta matso da tsumma, tana nuna sama wai kashin tsuntsu ne, tana goge min. Wani saurayi ma ya zo taimako, har da karɓar jakata ya ajiye gefe. Kafin in waiga babu jaka, babu su. Waya da kuɗin otal duk a ciki. Allah Ya sa fasfo na masauki. Ashe dabara ce sananniya a garin. Duk wanda ya zo goge maka riga, ka riƙe kayanka ka wuce. Unguwar La Boca kuma, ka tsaya iya titin Caminito inda gidaje masu fenti kala-kala suke, kada magariba ta same ka can.

Ɗan Fagge: Subhanallahi. Allah Ya mayar da alheri, Alhaji.

Bazazzagi: Bakano guda, ɗan Kwari, aka yi wa haka da tsumma? Kai!

Baban Ikram: Da kai ne har takalmi za su cire maka kana godiya.

Auta: Yaya, in ka je La Boca ba ka shiga La Bombonera, filin ƙwallon Boca Juniors ba, kamar ba ka je ba.

Injiniya: Filin Monumental na ƙungiyar River Plate ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Bazazzagi: Ni ba na son maganar ƙwallon mutanen nan. Sau biyar muna haɗuwa a gasar cin kofin duniya, sau biyar suna lallasa mu.

Auta: Gasar Olympics ta Atlanta 1996 fa? 3 da 2, muka ɗauke zinare a gabansu.

Hajiya Babba: Ku yaran nan, bawan Allah tambaya ya yi. Ɗana, in Juma'a ta riske ka, akwai babban masallacin Sarki Fahd a unguwar Palermo, an buɗe shi 2000. Ka kula da abinci: choripán, wato burodi mai nama da ake sayarwa a titi, da naman da suke kira jamón duk akwai alade a ciki. Kuma ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara ko goma.

Injiniya: Ka nemi katin SUBE, da shi ake hawa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Auta: Yaya, rigar Messi mai lamba 10, matsakaiciya. Zan turo kuɗin.

Bazazzagi: Wane kuɗin? Na saniyar waccan shekarar ma bai biya ba.