Wa ya taɓa nutso da tukunyar iska a teku?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ke karatu a Alƙahira ya matsa min wai in na je wurinsa sai mun tafi Dahab mun shiga ƙarƙashin Bahar Maliya kallon murjani. Iyo kam na iya, a bakin Binuwai muka tashi, amma wannan na goya tukunya a baya ban san kansa ba. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari don Allah.

Na Anjamena: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi iyon kogin nan da kake taƙama da shi shi ya kusa cutar da ni. Na yi a Bur Sudan a 2019 kafin yaƙin nan, kwalekwale ya kai mu Sanganeb, tsakiyar teku ne ba komai sai hasumiyar fitilar jirage, wurin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerinta na wuraren gadon duniya a 2016. Mu a Shari in za ka nutse ai numfashi kake riƙewa, to can haramun ne. Malamin ya ce a zurfin mita 10 matsin ya ninka na tudu sau biyu, in ka shaƙi iskar tukunya a ƙasa ka riƙe ka taso to kumbura za ta yi a huhunka har ta iya fasa shi. Na ji na ce to, ina shiga ruwa sai jiki ya koma abin da ya saba, sai da mutumin ya dungure ni a ƙirji kafin na saki kumfa.

Amma abin da na gani, hmm. Ruwa garau kamar gilashi, murjani wani kamar ƙahon barewa wani kamar faifai, ashe ma halitta ce mai rai, ni da na ɗauka dutse ne irin na tsakiyar kakata. Har talibambam na gani, ya fi namu girma, ya tsaya yana kallona kamar ina bin sa bashi.

'Yar Marwa: Ni a Zanzibar na yi wajen Mnemba da maigida. Yaya, kunne ne matsalar, kana sauka kaɗan kaɗan kana toshe hanci kana hurawa a hankali, in kana mura kada ma ka soma. Kuma ɗaga babban yatsa ba lafiya lau yake nufi ba, nufinsa mu hau sama. Ina ganin kififiya na ɗaga yatsa don murna sai malamar ta kama hannuna muka fara tasowa, kunya kamar in koma ƙasa. Rigar ma tana rufe jiki har wuyan hannu, da hularta, ban sha wahalar sutura ba.

Alhaji na Kuseri: Ku yaran nan, kuɗin jirgi a kashe don a je kallon kifi? Ga tafkin Lagdo nan kusa da kai.

Ɗan Garwa: Baba Alhaji a Lagdo ko tafin hannunka ba ka gani a ruwa, ga dorina.

Na Anjamena: Na manta, sabon shiga ko ya samu takardar shaida ta farko daga PADI, ƙungiyar koyar da nutso, ba ya wuce zurfin mita 18, kuma in ka fito kada ka hau jirgin sama sai ka yi kwana guda a tudu saboda iskar da ta shige jini. Ka lissafa wannan kafin ka yanki tikitin dawowa.

Ɗan Garwa: To madalla. Gemu fa, ba ya sa ruwa ya shiga gilashin fuskar? Don ba zan aske ba.